Malam, Kai Za Ka Durƙusa a Kan Dutsen?

Wani marubuci ya yi kira ga matan Jos su bar injin niƙa su koma dutse da turmi, wai garin inji ba ɗanɗano, kuma faifan ƙarfe na zubo ɓurɓushi a ciki. Malam, faɗa da sauƙi ga wanda tuwo ke iske shi a kwano.

Ka taɓa ganin surfen acha? Ƙwayarta ko rabin gero ba ta kai ba. A daka, a sheƙe, a sake dakawa, a yi ta rege yashi da ƙwarya, kafin a kai ga gwate. Niƙan dutse kuwa a durƙushe ake yi tun asuba, cikin sanyin Jos, har kanta ta fito a tafin hannu. Shi ma dutsen yana zubar da tsakuwa, musamman in an koɗa shi.

Maganin ɓurɓushi faifai mai inganci ne, da sa ido kan masu inji daga Farin Gada har Bukuru. Tun cire tallafin mai a 2023 kuɗin niƙa ya haura. Can ya kamata alƙalaminka ya nufa. Sanoussi Diakité, ɗan Senegal, da ya ga wahalar mata, injin surfen acha ya ƙera musu. Kai me ka tanadar musu?