Wasiƙa a Buɗe ga Masu Gyaran Mota na Kasuwar Shanu: Kada Tsofaffin Motocinmu Su Ƙare a Sikeli



Zuwa ga iyayen gidana makanikai, da masu bugun bodi, da 'yan walda, da rewaya, da masu fenti, da masu ɗinkin kujera da ke neman halak ɗinsu a garejojin Kasuwar Shanu da kewaye, tun daga Gamboru har Tashar Muna. Haka kuma ga ƙannena yaran gareji masu miƙa sifana.  Allah ya yi wa sana'a albarka.

Ni ba makanike ba ne. Mai son tsohuwar mota ne kawai, irin mutanen nan da in sun ga Fijo 404 a kwance a bayan gida ƙura ta rufe ta, sai ƙafa ta ƙi gaba. Mu kaɗan ne a Maiduguri, amma muna ƙaruwa, kuma duk abin da muke buri a hannunku yake. Shi ya sa na ga ya dace in faɗa muku abin da muke nema, da abin da ke ba mu tsoro in mun kawo muku mota.

Aikin tsohuwar mota iri biyu ne. Akwai gyaran tashi: direba ya zo da wagon ɗinsa, fasinja na jira, burinsa ta kai Dikwa ta dawo. A wannan fannin ba wanda zai koya muku komai. Ku ne kuka riƙe Fijo da Landuroba a kan hanyoyin da suka fi ƙarfin sabuwar mota, da waya da tsohon tub da dabara. Sai na biyun, wato mayar da mota yadda ta fito daga kamfani. Kayan aikin ɗaya ne, amma tunanin ya bambanta. Mai gyaran tashi yana tambaya, me zan sa ta yi tafiya? Mai aiki na biyu tambayarsa ita ce, me ke nan wurin tun asali, kuma yaya zan cece shi? Abin da nake roƙo a wannan takarda shi ne, in mota irin wannan ta shigo garejinku, ku ɗauki kowane ƙusa nata a matsayin amana.

Ku dubi abin da ke hannunmu. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, ta kuma ci tseren Safari na Gabashin Afirka sau huɗu a cikin shekarun 1960. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai a 1969, ta ci Safari a 1975. A wannan shekarar ta 1975 ne kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da sallamarta. Ita ce motar gwamna, ita ce ta sakataren ƙaramar hukuma, ita ce ta kai amare, kuma a-kori-kurar gidansu ita ta yi ta jigilar gero da kifin Baga. Kafin zamaninta, manyan motocin Amurka irin su Chevrolet da Pontiac suna cikin abin hawan sarakuna da ministoci da attajirai. 'Yan ƙalilan daga cikinsu suna nan a garejin tsofaffin gidaje, tayoyi sun nutse a ƙasa. Kowace rana 'yan gwangwan, waɗanda a nan muke kira 'yan Ajakuta, suna yanka irin waɗannan suna ɗorawa a sikeli, kuma wadda aka yanka ta tafi ke nan.

To, in Allah ya kuɓutar da ɗaya ta iso gare ku, kada ku fara da sifana. Ku fara da ido da alƙalami. Ku ɗauki hotonta da waya ta kowace kusurwa: cikin injin, ƙarƙashi, bayan dashbod, yadda wayoyi suka bi. Ku duba lambar shasi da ta injin, ku gwada da takardu. A garin da shingen bincike ya yi yawa kamar namu, motar da lambarta ta saɓa da takarda wahala ce aka saya da kuɗi. Ƙaramin farantin nan na kamfani da ke maƙale a jiki, kada a cire shi, kada fenti ya taɓa shi. Tsohuwar lamba mai BO a ajiye wa mai mota. In kun ga sitiyari a dama, kada ku ce za ku mayar da shi hagu. Sai ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka wannan sitiyarin shaida ce ta shekarun motar. Duk abin da kuka kwance ku sa shi a leda ku rubuta sunansa, har wanda ya lalace, domin da shi za a je a nemo irinsa.

Na san yawancin masu mota fenti suke fara tambaya. Ku ba su haƙuri. Maƙwabtanku da ke cikin kara ba sa sayen sa don sheƙin fatarsa. Baki suke buɗewa su ga haƙori, su duba ƙafa. Shasi da bene da gindin ƙofofi da mazaunin shokozoba su ne abin fara dubawa. Da, muna da gata a nan: busasshiyar iskar Borno ba ta cin ƙarfe kamar ta Legas ko Fatakwal, abin da ranarmu ke kashewa shi ne roba da dashbod da kujera. Amma tun da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya shanye Gwange da Gamboru da Kasuwar Monday, lissafin ya sake. Motar da ta kwana cikin ruwan nan laka ta shige mata cikin kwaroron shasi da cikin ƙofofi, tana riƙe danshi tana ci daga ciki. A buɗe ramukan zubar ruwa, a wanke, a busar, a fesa maganin tsatsa. Kuma don Allah kada a yi wa irin wannan injin kik don a ji ko yana da rai. A cire filogi, a juya injin da hannu, a zubar da baƙin mai da na giya da na aksul, a wanke tanki. Ruwa ba ya matsuwa. In yana kan fistin aka murɗa makulli, sandar fistin ce za ta lanƙwashe.

Iyayena masu bugun bodi, ku ne wannan aiki ya fi rataya a wuyanku, kuma a wurinku aka fi yin ɓarna. Fila ba ƙarfe ba ce. An yi ta ne don a share 'yar tawayar da guduma ta bari, kaurinta kada ya wuce na kwali. Wanda ya cusa takarda ko ragar waya a rami ya lafta fila ya shafe, ya binne tsatsa ne da ranta, kuma zafin Afrilu zai tona ta. Mai saye da ya san abin da yake yi da ɗan maganaɗisu yake zuwa. Inda ya ƙi kamawa, asiri ya tonu. A yanke ruɓaɓɓen wuri har a kai ga ƙarfe mai lafiya, a yanko faranti mai kauri ɗaya da shi, a haɗa baki da baki. Waldar gas tana murɗe siririn faranti in aka ja ta a dogon layi, don haka a riƙa ɗigawa nan da can ana bari yana hucewa. Aikin zai ɗauki mako maimakon yini, sai ku faɗi kuɗin mako tun farko. Kada kuma a kusanci tankin fetur da wuta don an ce babu mai a ciki. Tururin da ya rage shi ne ke tashi da mutum.

Makanikai, abu uku. Na farko, motar Amurka da inci aka auna ƙusoshinta, Fijo kuwa da milimita. Sifana 13 tana kama da ta rabin inci, amma ba ɗaya ba ne, kuma da haka ake cinye kan ƙusan da ba za a same shi a kasuwa ba. Na biyu, al'adar nan ta cire tamostat a jefar da sunan ƙasarmu da zafi. In mota tana tafasa, lagireto ne ya toshe, ko famfon ruwa, ko fanka, ko an saɓa lokacin wuta. A gyara ciwon, a bar tamostat a wurinsa. Na uku, birki kafin gudu. Yawancin motocin da aka ƙera kafin ƙarshen shekarun 1960 layin man birki ɗaya gare su; bututu guda ya fashe, ƙafa huɗu sun tafi. A sake duk robobi da bututai ko da a ido suna da kyau. Tsohon takalmin birki kuma yana iya ƙunsar asbestos mai lalata huhu, saboda haka kada a sa yaro ya hure ƙurarsa da iska. A jiƙa a goge. Ku kuma tuna cewa an ƙera waɗannan injuna ne a zamanin fetur mai dalma, wanda aka daina sayarwa. In an sauke tof silinda, a duba mazaunin bawul da kyau.

Rewaya, kafin ku ɗora batir ku tambayi motar. Motocin Amurka na kafin tsakiyar shekarun 1950, da Volkswagen mai ƙirar kunkuru har tsakiyar shekarun 1960, wutar bolt 6 suke sha, ba 12 ba. Wasu tsofaffin motocin Ingila kuma kan batir mai alamar tarawa ne ke zuwa jikin mota. Kuskuren minti ɗaya a nan yana ƙone abin da za a shekara ana nema. Kada a maye fiyus da waya, kada a yi wa mota wayoyi masu launi ɗaya daga gaba har baya.

Masu fenti, ku ne na ƙarshe, ku yi haƙuri da zama na ƙarshe. Launin asali yana nan ɓoye a ƙarƙashin robar gilashi ko cikin but, inda rana ba ta kai ba. Daga nan za a haɗa. A cire bamba da fitilu da tambari a fesa, maimakon a manna musu jarida. Kada a yi feshi a fili ranar da hunturu ya taso da ƙura, kuma ku sa abin rufe hanci na gaske, tsumma ba ya tare wannan guba. Wata motar ma ba ta son sabon fenti. A manyan nune-nunen tsofaffin motoci, irin na Pebble Beach a Kalifoniya da ake yi tun 1950, akwai rukuni na musamman na motocin da ba a taɓa sake musu fenti ko kujera ba. Garin neman gira kada a rasa ido.

Saura batun kwaskwarima, don na san matasa za su zo muku da hotunan intanet: a sauke mota ƙasa, a sa manyan ƙafafu, a dasa wani injin. Ban ce haramun ba ne. A Kyuba, inda takunkumin Amurka ya yanke musu kayan gyara tun farkon shekarun 1960, dubban Chevrolet da Ford na shekarun 1950 suna yawo a Habana, da yawansu da injin dizal na wasu motoci. A nan gida ma Mustapha Gajibo ya nuna cewa ana iya cire injin fetur daga ƙaramar bas a sa mata batir da lantarki. Sharaɗina ɗaya ne: duk abin da za a sauya, a yi shi yadda za a iya mayarwa. A ajiye injin asali a lulluɓe, domin a kasuwar duniya motar da ke ɗauke da injin da aka haife ta da shi ta fi daraja nesa. Kada a yanka dashbod don rediyo, kada a sare rufi. In an ƙara ƙarfin injin, a ƙara na birki, a kuma gyara takardu. Motar da ta riga ta sha dashe-dashe, a yi wasa da ita. Wadda ta zo cikakkiya, ku ba mai ita shawara ya bar ta.

Akwai wata magana mai ɗaci da ba zan tsallake ba. Motar da ta daɗe a gareji takan zama rumbun aro. Yau an ari kafireto don a sallami wani, gobe madubi, jibi tambarin zaki ya yi ƙafa. Ba a nufin sata, amma abin aro ba ya dawowa. Maganinsa rubutu ne: a lissafa abin da ta zo da shi a gaban shaida, a raba aiki mataki-mataki, kowane mataki da kuɗinsa. Mu ma masu mota muna da namu laifin, mukan ajiye mota mu ɓace, sannan mu dawo muna faɗa. In kaya ya yi wuya, ku faɗi gaskiya, a nema a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ko a tambayi direbobin da ke shiga Difa da Damagaram da Kusiri, inda Fijo ta daɗe tana aiki.

Roƙona na ƙarshe ga dattawa ne. Yaran yanzu na'ura suke jonawa ta gaya musu ciwon mota, kuma wannan ci gaba ne. Amma saita kafireto da kunne, da gyara tazarar kwantak, da fitar da lanƙwasar madigadi da guduma, ba na'urar da ta san su. Suna kanku ne kawai. Kowane maigida ya zaɓi yaro ɗaya mai natsuwa ya koya masa. Shugabannin ƙungiyar makanikai kuma su buɗe littafi, a rubuta tsofaffin motocin da suka rage a garin nan da masanan kowace iri, a nemi haɗin kan sashen koyon aikin injiniya na Kwalejin Ramat. Kuma duk wanda ya ji za a kai wata tsohuwar mota sikeli, ya yi mana waya kafin a kunna wutar yanka. Kuɗin da mai gwangwan zai bayar ba zai gagare mu ba.

Allah ya tsare hannuwanku da idanunku, ya kawo kasuwa mai albarka, ya ƙara wa Borno lafiya.

Wassalam,
Naku, ɗan'uwanku mai son tsohuwar mota,
Maiduguri.