Sutura Ce Ko Shinge? Tsokaci A Kan Kayan Makaranta

Duk wanda ya ratsa Taminus gab da ƙarewar dogon hutu, watau farkon watan Satumba, ya san yadda wurin kan cika da iyaye da yara, wannan na taya takalmi, wancan na gwada jaka, sanyin Jos kuma na tuna wa kowa kada ya manta da rigar sanyi. Bana ni ma na bi sahu. Na yanki yadi na kai wa telan da ya shekara goma yana yi wa gidana ɗinki. Kafin ya ɗauki awo sai ya tambayi sunan makarantar ’yata. Da na faɗa masa sai ya yi murmushi ya ce, “Malam, mayar da yadinka. Waɗannan ba sa karɓar ɗinkin waje. Sai dai ka saya a ofishinsu, har safa.” Haka kuwa aka yi. Na biya kusan ninki biyu na abin da zan kashe a hannunsa, aka miƙo mini rigar da ta koɗe tun zangon farko bai ƙare ba. Ni dai na biya domin ina da albashi. To, mai turin baro fa, da mai kasa dankali a bakin Titin Ahmadu Bello?

Kada mai karatu ya zaci ina cikin masu kiran a soke kayan makaranta baki ɗaya, a bar kowane yaro ya zo da abin da ya samu. Wannan ra’ayi ne na wanda bai taɓa shiga aji da yagaggiyar riga ba. A zamanin da muka yi firamare, kafin gobarar watan Fabrairu na 2002 ta cinye babbar kasuwar Jos, uba kan shiga kasuwar ya yanki yadi daidai ƙarfinsa, tela ya ɗinka, a liƙa bajo a aljihu, shi ke nan. Ɗan attajiri da ɗan lebura su zauna a benci ɗaya, ba mai sanin abin da aka dafa a gidan wani jiya. Bahaushe ya kira tufafi da suna “sutura”, watau abin da ke rufa asiri, kuma a nan hikimar yunifom take. An ƙirƙiro shi domin ya rufa asirin talaka, ya kuma shigar da kowane yaro aji da daraja ɗaya. Ranar da ya koma dalilin tsayar da yaro a bakin ƙofa, to ya ci amanar aikinsa, ya tashi daga sutura ya zama shinge.

Shingen farko na kuɗi ne. Makarantu da dama, musamman masu zaman kansu, sun mayar da tufafin yara haja: ga na yau da kullum, ga na wasanni, ga na ranar Juma’a, kowanne da tambarin da ba a samunsa sai a wurinsu, kuma bayan ’yan shekaru a sauya launi domin kada ƙane ya gaji na wansa. Tela ya rasa ciniki, uba ya shiga bashi. Daɗin daɗawa, hukuncin rashin biya a kan yaro yake sauka, alhali ba shi ke riƙe da aljihun gidan ba. Da idona na ga an tuɓe wa yarinya rigar sanyi cikin tsakiyar hunturu, a garin nan da ke bisa tsauni, don kawai launin rigar ya saɓa wa na makaranta. Wane darasi za ta fahimta tana rawar ɗari? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa ’ya’yansu makaranta tun daga firamare har ƙaramar sakandare, ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya ƙi. Ke nan hukuma ta tilasta wa uba ya tura ɗansa, mai gadi kuma ya koro shi saboda safa. Garin neman gira an rasa ido.

Shinge na biyu ya fi haɗari, domin ya taɓa addini. Rigimar hijabi a makarantun ƙasar nan ta daɗe a gaban alƙalai. A Legas, wasu ɗalibai mata biyu da Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi sun kai gwamnatin jihar ƙara, babbar kotu ta goyi bayan hanin a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan hukunci a 2016, sa’an nan ranar 17 ga Yuni, 2022 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan biyu, ta tabbatar wa ɗaliba haƙƙinta na sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar. Kafin a kai nan an sha kallo. A 2016, bayan wata kotu a Jihar Osun ta halatta hijabi, ɗalibai Kirista a makarantar Baptist ta garin Iwo suka zo aji cikin rigunan mawaƙan coci. A 2021 gwamnatin Kwara ta rufe makarantu goma a Ilori saboda wannan taƙaddama, a shekarar da ta biyo kuma aka rasa rai a Ijagbo. Ko Firdaus Amasa, wadda ta kammala karatun lauya, an hana ta shiga zauren rantsuwa a 2017 saboda ta ƙi cire hijabinta, sai a 2018 aka rantsar da ita. Dubi shekarun da aka ɓata, da darussan da yara suka rasa, a kan ƙyallen da bai kai yadi biyu ba!

Masu adawa kan ce idan an buɗe wannan ƙofa ba a san inda za a tsaya ba, kowa zai zo da tasa shigar, tarbiyya ta rushe. Wannan hujja ba ta da ƙarfin da ake ba ta. Makarantu da yawa sun warware matsalar ba tare da hayaniya ba: sun ƙayyade launi da tsawo, hijabi ya zama ɓangaren yunifom kamar hula. Kuma tarihi bai nuna cewa ilimin boko sai da gajeren wando ba. Lokacin da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ɗalibansa cikin riguna da huluna irin na gida suka koyi karatu da lissafi. Abin da Bature ɗan mulkin mallaka ya iya haƙuri da shi, mu ne za mu kasa?

Amma fa gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya kare ɗaliba Musulma daga a cire mata hijabi, shi ne kuma ya kare ɗaliba Kirista daga a ɗora mata shi dole a makarantar gwamnati, a kowace jiha take. Wanda ya yi murna da hukuncin Legas amma ya kawar da kai idan an takura wa ’yar maƙwabcinsa a inda nasa suka fi yawa, to rinjaye yake nema, bai damu da haƙƙi ba. Haka kuma makarantar da wata ƙungiyar addini ta gina kuma take ɗaukar nauyinta ita kaɗai, sashen ya ba ta damar koyar da addininta ga ’ya’yanta. Sai dai duk makarantar da ake biyan malamanta daga baitulmali, ta kowa ce, komai sunan da ke rubuce a allonta.

Mu mutanen Jos mun fi kowa sanin nauyin wannan magana. Tun rikicin 7 ga Satumba, 2001, da na 2008, da na 2010, garin nan ya dare, Unguwar Rogo ta koma ta waɗansu, Unguwar Rukuba ta waɗansu, kuma mun ga ranakun da shigar mutum kaɗai ke yanke masa hukuncin hanyar da zai bi ya isa gida. Wuraren da suka rage mana na haɗuwa kaɗan ne: kasuwa, asibiti, jami’a, da wasu makarantu. Bama-baman da suka tashi a Taminus ranar 20 ga Mayu, 2014 ba su tantance mai gyale da mai siket ba. Duk yarinyar da aka koro daga makarantar haɗaka saboda shigarta, iyayenta za su mayar da ita inda ba za ta ƙara zama da wanda ba addininsu ɗaya ba, ta girma ba ta san kowa a ɗaya gefen gari ba sai ta bakin masu jita-jita. Abin da ya faru a Ilori gargaɗi ne gare mu, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Saboda haka kirana ga Ma’aikatar Ilimi da ƙungiyoyin iyaye da malamai bai wuce abu uku ba. Na farko, makaranta ta faɗi launi da fasali, ta bar uba ya kai wa telan da ya ga dama. Na biyu, a rubuta ƙa’ida ɗaya bayyananniya wadda za ta ba mai son rufe kanta dama, ta kuma ba wadda ba addininta ba ne damar barin nata, duka cikin launin makaranta. Na uku, kada a sake korar yaro daga aji, ko a sa shi tsallen kwaɗo, saboda abin da iyayensa suka gaza saya. A kira uban a yi magana da shi. Ku kuma ɗalibanmu da za ku fita ku riƙe aji gobe, idan yaro ya tsaya gabanku, ku fara duban littafinsa kafin ku dubi safarsa.

Ban ambaci sunan makarantar kowa ba, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba. Allah ya sa mu gane, ya kuma zaunar da garinmu lafiya.