Ladan Kuturu: Yadda 'Yan Kirifto Suka Yi Cinikin Kujeru A Majalisar Amurka

Duk sanda zaɓe ya ƙarato a Nijeriya sai an ga Amurka ta turo masu sa ido, su zaga rumfuna da 'yan littattafansu, su koma su rubuta cewa wai an sayi ƙuri'a da taliya da atamfa. To, ba a ce ƙarya suka yi ba. Amma da a ce waɗannan malaman dimokuraɗiyya za su waiwaya su dubi gidansu, da kunya ta hana su buɗe baki, domin abin da ake yi a nan da ƙullin taliya a ɓoye, can da miliyoyin daloli ake yinsa a bainar jama'a, kuma da hatimin kotu.

Ga yadda abin yake. A zaɓen 2024 dokar ƙasar ba ta yarda mutum ɗaya ya bai wa ɗan takarar tarayya fiye da dala 3,300 a zaɓe guda ba. Mai karatu zai ce ai kuwa an yi adalci. Ina! Tun a Janairun 2010 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta yanke hukunci a shari'ar da ake kira Citizens United cewa kuɗin da kamfani ya kashe a kan zaɓe wai faɗin albarkacin baki ne, ba a yi masa iyaka. Daga nan aka haifi kwamitocin da suke kira Super PAC, waɗanda ke karɓar ko nawa ne daga hannun attajirai da kamfanoni, sharaɗi ɗaya kawai: kada su haɗa baki da ɗan takara. Wato a zuba wa mutum dala miliyan 40 a yaƙin neman zaɓensa, sannan a ce ba su san juna ba. Wa za a raina wa hankali?

Ɗaya daga cikin waɗannan kwamitoci shi ne Fairshake, wanda aka kafa a 2023. Manyan masu ciyar da shi su ne kamfanonin Coinbase da Ripple, dillalan kuɗin intanet da ake kira kirifto, sai kamfanin zuba jari na Andreessen Horowitz. Ruwa ba ya tsami banza. A Disamban 2020 hukumar SEC mai kula da hannayen jari ta maka Ripple a kotu, a Yunin 2023 kuma ta maka Coinbase. Maimakon su tsaya ga lauyoyi kaɗai, sai suka ga ya fi sauƙi a canja masu rubuta dokar. Ƙungiyar Public Citizen ta ƙididdige a Agustan 2024 cewa kamfanonin kirifto sun zuba dala miliyan 119 a zaɓen, kusan rabin duk abin da kamfanonin ƙasar suka bayar zuwa lokacin.

Wadda aka fara yankawa ita ce Katie Porter, 'yar majalisar wakilai da ta nemi kujerar sanata a Kalifoniya. Kafin zaɓen fid da gwani na Maris 2024, Fairshake ya kashe kimanin dala miliyan 10 wajen tallace-tallacen ɓata ta. Abin lura a nan, tallan ba su yi maganar kirifto ba, halinta suka yi ta suka. Mai zaɓe na zaune gaban talabijin yana jin ana zagin mace, bai san wanda ya biya kuɗin zagin ba, bai kuma san laifinta na gaskiya a wurinsu ba. Ta zo ta uku, ta faɗi.

Sai babban kifi, Sherrod Brown na jihar Ohayo, wanda ya shekara 18 a majalisar dattawa, kuma shi ne shugaban kwamitin harkokin banki, ƙofar da dokar kirifto ke bi. Mutumin ya sha nuna shakkunsa a kan wannan kasuwa. Saboda haka reshen Fairshake mai suna Defend American Jobs ya zuba kimanin dala miliyan 40 don ɗaga abokin hamayyarsa Bernie Moreno, attajirin da ya yi arziki da dillancin motoci. Brown ya faɗi a Nuwamba, Moreno ya shiga majalisa, kuma sai ga shi zaune a wannan kwamiti na banki.

Masu kare tsarin za su ce ai Trump ya cinye Ohayo da rata mai yawa, ko ba kuɗin kirifto Brown na iya faɗuwa. A yarda da haka. Amma ai ba Brown kaɗai aka yi wa bulalar ba, sauran 'yan majalisa aka nuna wa. Gani ga wane, in ji Bahaushe. Duk wanda ya ga yadda aka yi da shugaban kwamiti sukutum, sai ya auna bakinsa kafin ya furta kalma a kan kirifto. Wannan tsoron shi ne ainihin hajar da aka saya, kuma ta fi kujera ɗaya daraja.

Kada kuma wani ya ɗauka jam'iyya suke wa aiki. A daidai lokacin da suke kayar da ɗan Dimokurat a Ohayo, ɗaya reshen nasu, Protect Progress, yana kashe kimanin dala miliyan 10 kan Ruben Gallego a Arizona, da wasu kimanin miliyan 10 kan Elissa Slotkin a Mishigan, dukkansu 'yan Dimokurat. Ɗan jari-hujja ba shi da jam'iyya, jaki da giwa duk dabbobin garkensa ne.

Wanda ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski. Ranar 20 ga Janairun 2025 Gary Gensler, shugaban SEC da suka tsana, ya sauka. A Fabrairu hukumar ta janye ƙarar Coinbase. A Yuni majalisar dattawa ta amince da dokar GENIUS, wadda kamfanonin suka daɗe suna nema, da ƙuri'a 68 a kan 30, har da Gallego cikin masu cewa e. Ranar 18 ga Yuli Trump ya sa hannu, shi da ya fito da nasa sulallan kirifto kwana uku kafin a rantsar da shi. A Agusta shari'ar Ripple ita ma ta zo ƙarshe. Duk wannan cikin wata takwas!

Kuma fa wannan ita ce kasuwar da Sam Bankman-Fried ya fito daga cikinta, yaron da ya raba wa 'yan siyasa kusan dala miliyan 40 a zaɓen 2022, kamfaninsa FTX ya rushe a Nuwamban shekarar da dukiyar bayin Allah a ciki, aka ɗaure shi shekara 25 a 2024. Matasan da suka kwana suna dangwalar waya a Kano da Zariya a 2024 da sunan mainin, suka tashi da abin da bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba, ya kamata su san su wane ne ke zaune a saman wannan kasuwa, da kuma inda ribarta ke tafiya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Hukumar zaɓen tarayya ta FEC da ya kamata ta tsawata, kujeru shida doka ta ba ta, ba a yarda jam'iyya ɗaya ta wuce uku ba, hukunci kuma sai da ƙuri'a huɗu, don haka an sha yin uku da uku a watse. A Yulin 2025 Fairshake ya shelanta cewa yana da sama da dala miliyan 140 a ajiye domin zaɓen 2026, tun kafin a san ko su wane ne 'yan takarar.