A daina yaudarar iyayenmu mata da "ƙwai 300 a shekara"

Jama'a, wannan yayin na rabon kaji da sunan tallafi ya fara isata. A tara mata a rana, a miƙa wa kowacce 'yan tsaki goma a kwali, a ɗauki hoto a zuba a Facebook, wai an sama musu sana'a. Masu tallar 'yan tsaki kuma bakinsu ɗaya: wannan kazar ƙwai 300 take yi a shekara!

Eh, ba ƙarya suka yi ba. Kazar gidan gona irin ISA Brown tana iya kaiwa wajen haka, alhali kazarmu ta Hausa da kyar take wuce 60. Amma rabin zancen suka faɗa. Wannan kazar ba da tsince-tsince a tsakar gida take yin ƙwan ba. Sai ta kai sati 18 zuwa 20 kafin ta fara, kusan wata biyar kenan kina ciyarwa ba ko sisi. Idan ta fara, kullum tana cin wajen giram 110 na haɗaɗɗen abinci. Kaji goma, buhu mai kilo 25 sati uku ya ƙare. To don Allah, matar da ke fama da cefanen gidanta, ina za ta samo kuɗin buhun? Ta koma ba su dusa, ƙwai ya tsaya, sai a ce ba ta iya kiwo ba.

Sannan irin waɗannan kajin ba su cika yin kwanci ba. Kazar Hausa ita za ta kwanta ta ƙyanƙyashe, ta kare 'ya'yanta daga shirwa, garke ya ci gaba. Ta gidan gona in ta tsufa sai dai a sake sayo sababbi. Ga cutar Newcastle da ke share akurki lokacin hunturu, ba wanda ya yi wa matan zancen riga-kafi.

Abin takaicin ma, muna da abinmu a gida. Cibiyar NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, ta samar da Shika Brown, kazar ƙwai da aka tace don yanayinmu. Cibiyar NVRI da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar riga-kafin kaji. Masu rabon nan nawa ne suka taɓa leƙa wuraren?

Ni ban ce kada a raba kaji ba. Amma duk mai son taimako tsakani da Allah, ya ba da budurwar kaza da ta kusa fara ƙwai, an gama mata allurai, ya haɗa da abincin da zai riƙe ta har kuɗin ƙwai ya fara shigowa, a kuma samu malamin dabbobi mai zagayawa. In ba zai iya ba, gara ya yi wa kajin Hausar da matan ke da su riga-kafi, zai fi lada.

Masu kiwo a cikinku, ku faɗa mana nawa buhun abincin kaji yake yau a garinku. Allah Ya sa mu dace.