Salular mushe jari ce, idan mun san yadda za mu juya ta

 Wata magana ce ta tashi cikin shirin da nake gabatarwa a gidan rediyo, kuma ta ƙi barina in yi barci, shi ya sa na kawo ta nan mu tattauna.

Wata Hajiya mai saida kayan miya ce ta kira, ranta ɓace. Ta ce ɗanta yana aji huɗu na firamare, kullum ya dawo gida sai ya ce mata mushe yana duba salula cikin aji. Ta ce ita tana tashi tun asuba, tana ƙirga dala dala ta sai ma yaro kaye da biro, shi kuma wanda aka ba amanar yaron yana can yana latse-latse. Ba ta gama ajiye waya ba sai ga wata malama ta kira daga wani ƙauye. Ta ce: "Hajiya, ki yi haƙuri, amma ni ma ina duba salula cikin aji, domin littafin da nake koyarwa da shi yana cikinta. Na takarda guda ne gare mu, mu uku muke karɓa-karɓa."

Na yi ta nazarin zancen nan, sai na ga Hajiya na da gaskiya, malama ma na da gaskiya. Akwai malamin da salula ta raba shi da aikinsa, akwai kuma wanda ita ce ta riƙe masa aikin. Ra'ayina shi ne, maimakon mu tsaya zagin salular malami, mu iyaye mu taimaka ta zama kayan aiki, sannan mu sa ido a kan yadda ake amfani da ita.

Ku ƴan kasuwa kun riga kowa sanin amfanin abin nan. Waɗanda suka manyanta cikinku suna tune da lokacin da sai mutum ya hau mota ya tafi wata kasuwa kafin ya san nawa buhun hatsi yake. Salula ta shigo Nijar a 2001. Wata malamar jami'a ta Amurka mai suna Jenny Aker ta bi farashin hatsi a kasuwanninmu daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 saboda zuwan salula. Yau daga Kasuwar Dole ta Damagaram ake jin farashin Maraɗi, mai shago a Katako yana ganin hoton kaya kafin a ɗora su a mota, kuɗi kuma ana tura su ba tare da an ɗaure su a ƙugu ba. To, in labari yana rage ma ɗan kasuwa asara, mi zai hana ya rage ma malami?

Kuma asarar tana da girma. A binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ƴan makaranta na ƙasashe goma na Afirka, yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare ko ɗaya cikin goma bai kai matakin da ake buƙata ba wajen karatu. A binciken 2019 an samu ci gaba, aka kai wajen uku cikin goma, amma ke nan bakwai suna baya. A 2017 kuma da gomnati ta yi ma malaman kwantiragi jarrabawa, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki. Ban kawo wannan don in ci mutuncin kowa ba. Malaman nan ƙannenmu ne da ƴaƴanmu, da yawa cikinsu an tura su aji ba tare da isasshen horo ba, aka bar su su kaɗai da yara sittin ko tamanin. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ba a ba shi ba, mi zai bayar?

Yanzu bari in faɗa maku abin da ke cikin intanet wanda malami zai iya ɗauka ba tare da ya biya ko tamma ba, ban da kuɗin mega. Akwai Kiwix, wata manhaja da ke ba mutum damar sauke kundin sani na Wikipedia ya ajiye cikin salula, ya karanta ko a inda babu rezo. Akwai Vikidia, kundin sani da aka rubuta da Faransanci mai sauƙi domin yara. Akwai darussan lissafi na Khan Academy cikin bidiyo, waɗanda aka fassara zuwa Faransanci. Malamin lissafi na kwaleji yana da GeoGebra, wadda ke zana masa siffofi ya gane su da kyau kafin ya hau allo. Akwai ɗakunan karatu irin su African Storybook da StoryWeaver, masu ƙananan littattafan yara da hotuna, har da na Hausa a ciki. Akwai kuma littattafan horon malamai na shirin IFADEM, wanda Nijar ta shiga a shekarun baya, da aka rubuta domin malamin da ke bakin aiki ya ƙaru yana nan wurin aikinsa.

Abin lura shi ne yawancin kayan nan sau ɗaya ake sauke su. Mutum guda ya shigo gari inda rezo ke da ƙarfi, ya cika katin memwar, ya koma ƙauye ya raba ma abokan aikinsa ta Bluetooth ko Xender, kamar dai yadda samari ke raba waƙoƙi da finafinai. Hanyar da fim ɗin Kano ke bi ya kai ƙauyen da babu kwalta, ita ce darasin lissafi zai bi. Malamai kuma dama suna da taronsu na ƙara ma juna sani da ake kira CAPED. In kowace CAPED tana da zaurenta na WhatsApp tare da konseye a ciki, malamin da darasi ya shige ma duhu da dare zai aika saƙon murya, kafin safe wani ya warware masa, maimakon ya jira taro na gaba ko ya koya ma yara kuskure.

Wani zai ce wannan zancen birni ne. A'a, an gwada a karkararmu. A 2009 da 2010, cikin ƙauyukan jahohin Doso da Damagaram, wani shiri mai suna ABC ya haɗa koyon amfani da ƙaramar salula cikin azuzuwan yaƙi da jahilci na manya. Waɗanda suka koya da salula sun fi sauran samun maki a rubutu da lissafi. Ƙaramar salula ke nan mai maɓalli, ba ma babbar ba.

Amma a nan nake son ku saurare ni da kyau, domin akwai inda ake yin kuskure. Ba cewa nake a sai ma kowane yaro kwamfuta ko salula ba. Rahoton UNESCO na 2023 a kan fasaha cikin ilimi ya kawo misalin ƙasar Peru, inda aka raba ma yara kwamfutoci sama da miliyan 1 ba tare da an haɗa su da yadda malami ke koyarwa ba, kuma karatun bai ƙaru ba. A Kenya kuma, a yankin Kisumu, an gwada hanya uku: a ba yara na'urar karatu, ko a ba malamai, ko a ba masu zagayawa suna taimaka ma malamai. Duka ukun sun kawo ci gaba kusan iri ɗaya, amma ba yara na'ura ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ɗan kasuwa ya san ma'anar wannan: in riba ɗaya ce, jarin da ya fi ƙanƙanta shi ake zaɓa. Na'ura guda a hannun malami tana aiki ma yara sittin.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zan kauce masa ba. Za su ce yaranmu suna zaune ƙasa cikin azuzuwan zana, kai kuma kana zancen intanet. Ba mu manta da gobarar unguwar Pays-Bas ta Yamai a watan Afrilun 2021 ba, ba mu manta da ta Maraɗi a watan Nuwamban shekarar ba, inda aƙalla yara ashirin suka rasu a kowace ɗaya cikin azuzuwan zana. Gina aji na bulo wajibi ne a kan gomnati, kuma babu salular da za ta maye gurbinsa. Haka nan biyan malami haƙƙinsa kan lokaci. Malamin da ke bin bashin tiya biyu ta hatsi wurin mai shago, ba za ka ce masa ya sai mega ba. Wutar lantarki ma har yanzu wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da ita a ƙasar nan. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai yaron da ke aji huɗu bana ba zai tsaya jiran a gama gine-gine ba, baɗi yana aji biyar, ko ya iya karatu ko bai iya ba. Abin da za mu iya yi masa yau da ɗan kuɗi kaɗan, bai kamata mu ɗage shi ba.

To mi za mu iya yi? Mu yi lissafi irin na kasuwa. Mata arba'in, kowace ta zuba dala 20 a mako, jika 4 ke nan. A wata jika 16. Daga Oktoba zuwa Yuni an tara wajen jika 144. Da wannan za a iya sai ma makaranta ɗan faifan hasken rana na cajin salula, da katunan memwar na malamai, da megan wata-wata na mutum guda mai sauko da darussa, har a buga fotokopin wasu shafuka yara su riƙe a hannu. Katin memwar bai kai kuɗin turmin atamfar da muke ankon biki da shi ba. Kuma tsarin ba baƙo ba ne gare ku: asusun Mata Masu Dubara a nan jahar Maraɗi aka fara shi a 1991, yau ƙasashe da dama suna koyi da shi. Ƙungiyar iyaye mata ta makaranta da kwamitin COGES suna nan, ta hannunsu ya kamata abin ya bi, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, kaya su zama na makaranta ba na mutum ba, don kada a canza ma malami wurin aiki ya tafi da su. Alhazai manyan ƴan kasuwa kuma, wanda ya ɗauki nauyin makarantar ƙauyensu guda, ba zai ji ko a jikinsa ba.

Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. In mun saka kuɗinmu, muna da sharaɗi a kan malamai. Na farko, a shirya darasi a gida, a rubuta shi, salula ta zama wurin neman ƙarin haske, ba wurin hira lokacin aji ba. Na biyu, a tace abin da aka ɗauko. Yawancin darussan nan an yi su ne domin yaran wasu ƙasashe, da misalan kuɗin Turai da dusar ƙanƙara. Malami nagari zai juya su, ya yi lissafi da tiya da buhu da jika, abin da yaro ke gani gaban uwarsa kullum. Na uku, manhajojin nan masu ba da amsa irin su ChatGPT suna taimakawa, amma suna shara kuskure ba tare da kunya ba, musamman kan tarihinmu da harsunanmu, don haka a gwada abin da suka faɗa da littafin hukuma. Na huɗu, kada a ɗauki hoton ɗan wani a watsa ba da izinin iyayensa ba, balle a ɗauki yaron da ya kasa karatu a mai da shi abin dariya. Ke ma Hajiya kina da haƙƙin ki je makaranta ki tambayi darakta cikin mutunci, a nuna maki abin da ake yi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ga magabata kuma ina da roƙo uku. Ma'aikatar ilimi ta zuba dukan tsarin karatu da littattafan jagoran malami a wuri guda, cikin sigar da ƙaramar waya za ta iya buɗewa, kyauta. Ta zauna da kamfanonin salula a yi yarjejeniya ta yadda shiga wurin nan ba zai ci mega ba. Sannan a dubi harshe. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 kundin sabunta ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma in ka duba intanet, kayan koyarwa na Hausa ba su taka kara sun karya ba in aka gwada da na Faransanci, na Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci kuma sun fi ƙaranci. Babu wanda zai zo daga waje ya rubuta mana su. Tsofaffin malamanmu da suka yi ritaya suna nan da ilimi cikin kansu, a ɗauki muryarsu, a rubuta darussansu tun suna raye.

Mu ma ma'aikatan rediyo ba mu fita ba. Lokacin da cutar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020, mun ga yadda yaran talakawa suka zauna gida hannu rabbana. Muna da awoyi na gaisuwa da waƙa, ba za mu rasa rabin awa a mako ba da gwanin malami zai zo ya yi darasi, a naɗe shi, a tura ma malaman karkara.

Hajiyar da ta kira ni tana son ɗanta ya iya karanta rasit, ya riƙe mata lissafin bashi, kada wani ya cuce ta da alƙalami. Malamar ƙauye ma abin da take so ke nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar taron iyaye mai zuwa, kada ki aika yaro ya ce kina kasuwa. Ki bar ma maƙwabciya rumfa na awa guda, ki je ki tambayi mushe abin da ke cikin salularsa da abin da ya rasa, sannan ku yanke shawarar abin da za ku iya tarawa. Allah ya yi ma ɗiyanmu albarka, ya ba kowa kasuwa.