Ƙaramin Kwikwiyo, Babban Nauyi

Karen da Bahaushe ya sani tun kaka da kakanni shi ne na farauta, da na gadi, da na makiyaya, wanda kan rayu da sauran tuwo da ƙasusuwa. Amma yanzu a birane irin su Abuja da Kaduna da Jos ana samun gidajen da ke kiwon wasu ƙananan karnuka na ƙetare, kamar Ciwawa, ɗan asalin ƙasar Meziko, wanda ko ya gama girma da wuya ya wuce kilo 3, da kuma Lasa mai yawan gashi, ɗan asalin Tibet. Mutane da yawa kan zaci cewa tun da kwikwiyon ɗan mitsitsi ne, hidimarsa ma 'yar kaɗan ce. Wannan kuskure ne da ke halaka kwiyakwiyai, har ma yakan jefa yaran gida cikin haɗari.

Dalilin farko yana cikin lissafi. Idan aka ninka tsawon abu da faɗinsa da kaurinsa sau 2, bayansa zai ƙaru sau 4 ne kawai, alhali cikinsa zai ƙaru sau 8. Watau ke nan, gwargwadon ƙanƙantar dabba, gwargwadon yawan fatarta idan aka kwatanta da nauyinta. Ta fata kuwa ɗumin jiki ke fita. Saboda haka ƙaramin kwikwiyo na saurin ƙone abincin da ya ci domin ya riƙe zafin jikinsa a kan digiri 38 zuwa 39, ga shi kuma hantarsa ba ta iya ajiye sukari mai yawa. Yinin yunwa da karen gadi zai jure, shi yana iya kayar da shi. Ya kamata a ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau 4 a rana, a kuma yi masa shimfiɗa mai ɗumi a daren hunturu. In aka ga ya yi laƙwas yana karkarwa, a shafa masa zuma a dasashi, a garzaya da shi wurin likitan dabbobi.

Wannan ƙanƙanta ce kuma ke sa guba ta yi masa saurin illa. Albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Goro da cakulan suna ɗauke da sinadaran da ke rikita bugun zuciyarsa. Maganin ciwon kai na mutane ma, bai halatta a ba shi ba sai da umurnin likita.

Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8. Allurar rigakafin cututtukan kwiyakwiyai, irin su fabo mai haddasa amai da gudawar jini, ana fara ta ne tsakanin mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa har mako 16. A ba shi maganin tsutsar ciki a kai a kai, domin ƙwan tsutsar na fita cikin kashinsa, yana kuma iya kama yaron da ke wasa da ƙasa.

Mafi muhimmanci ita ce allurar ciwon haukar kare, wadda ake yi idan ya cika wata 3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar ba ruwanta da girman kare; raina kama ka ga gayya. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya a tsira. Duk wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti nan take.

Irin waɗannan karnuka sukan rayu shekara 12 zuwa 15. Kwikwiyon da ɗalibi ya ɗauko yana aji ɗaya na sakandare, yana nan har bayan ya gama jami'a. Don haka wanda bai shirya wa ciyarwa da allura da tsafta na tsawon waɗannan shekaru ba, gara ya bar kwikwiyo wurin uwarsa.