A Duba Zurfin Ciwo Kafin A Sa Wuƙa

Mu 'yan Idi-Araba Allah ya haɗa mu maƙwabtaka da asibitin LUTH tun 1962, amma sai ciwo ya ci ƙarfinmu muke shiga ƙofarsa. Dubi ciwon dajin maƙoshi, wato hanyar da abinci ke bi zuwa ciki. Mutum ya kasa haɗiye nama, ya koma tuwo, ya koma koko, ana ta jiƙe-jiƙe ana cewa sammu ne. Ranar da aka kai shi asibiti kuma sai dangi su matsa wa likita, wai a yi aiki kawai a cire.

Wannan gaggawar ce ban yarda da ita ba. Ɗan kasuwar goro a Agege ba ya biyan huhu don na sama ya yi kyau, sai ya zura hannu ƙasa. Likita ma haka. Akwai gwajin da ake zura siririn bututu ta baki, a bakinsa akwai kyamara da na'ura irin wadda ake duba mai ciki da ita. Daga ciki take nuna bangon maƙoshi hawa-hawa, a ga zurfin da ƙarin ya ci, tun daga T1 na sama-sama har T4 da ya fasa bango. Tana nuna kaluluwar gefe, har a tsira allura a ɗebo a auna. Hoton CT kuma shi ke duba hanta da huhu (na ƙirji nake nufi, ba na goro ba).

In ƙarin sama-sama yake, ana iya cire shi ta bututu ba a fasa ƙirji ba. In ya yi zurfi, wani bincike na ƙasar Holan da aka buga a 2012 ya nuna fara ba da magani ta jijiya da gashi kafin aiki ya fi tsawaita rai, kuma cibiyar daji ta NSIA-LUTH da aka buɗe a 2019 tana yin gashin. In kuwa ya bazu, yanka wahala ce kawai.

Gwajin da tsada, ba kowane asibiti ke da na'urar ba. To kuɗin da muke tarawa a masallaci a fara kai su nan, kuma da wuri, don in ƙari ya toshe hanya bututun ma ba ya wucewa.